Jar Fitila a Rumbun Iliya

Balki, Sani, Rabi, wannan shi ne babin da na daɗe ina kewayewa kamar mai gudun ƙaya a hanyar gona. Kun girma da labari guda: wai Baba Iliya ne ya ɓatar da muryar kakarku, ya yi sakaci da na'urar da aka ba shi amana. Ni ne na bar ku da wannan labarin, ban ƙirƙire shi ba, amma na ji shi a bakinku shekara da shekaru ban gyara ba. Yanzu da gwiwa ta fara ƙin sallar tsaye, ina so in gyara kafin a gyara mini a inda ba a musu.

Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu Iliya a Dogon Dutsi. Ubansa mai wa'azi ne a majami'a, ubana ladan ne a masallacin unguwa, kuma ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba sai a kan akuya. Iliya ya girme ni da damina goma, shi ya riƙe hannuna ranar da aka kai ni lakwal, wato makarantar boko, don haka Yaya nake ce masa har ya koma ga Mahaliccinsa. Mu biyun mun yi aikin koyarwa, shi lissafi, ni tarihi. Shi ne mutum na farko da na sani da ya taɓa ordinata, wato kwamfuta, a garin nan, kuma da na ajiye alli, shi ya zaunar da ni gabanta, ya yi ta dariyar yadda nake neman harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Lokacin da mu tsofaffin malamai muka haɗa 'yar ƙungiya don naɗar muryoyin dattawan Arewa kafin su ƙare, ba a yi shawara ba a kan wanda zai riƙe na'urar ajiya. Kowa ya san Iliya ne.

Ya gina ta a wani ɗan ɗaki da aka ara mana, da manhaja irin wadda ba a kulle ba, wadda mutanen duniya suka haɗu suka rubuta, kowa na iya buɗe cikinta ya ga yadda aka ɗinka ta, ya gyara, ya miƙa wa na gaba. Iliya na son wannan ƙwarai, yakan ce ita ce gayyar noma ta masu ilmi. Dole in yi muku bayanin ginin, don in ba ku fahimce shi ba, ba za ku fahimci laifina ba. Hawa uku ne. A ƙasa akwai diski uku, wato faya-fayan ƙarfe da ake rubutu a kansu. Biyu ya haɗa su tagwaye, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya rubutu a ɗayan, don in guda ya mutu guda ya riƙe. Na ukun yana gefe, shi ke ɗauke da kwafi. Hawa na tsakiya shi ke tattara filin da ke kan faya-fayan ya yanka shi ɗaki-ɗaki. Hawa na sama kuwa nawa ne: jera muryoyi, sa musu suna, wane ne ya yi magana, daga wane gari, a kan me. Kowane hawa yana da hanyarsa ta faɗin lafiyarsa, kuma ba ya gaya wa na kusa da shi. Na ƙasa da na tsakiya suna aika saƙo da ƙananan haruffa a baƙin allo, cikin akwatin saƙon Iliya. Nawa yana nuna mini layi biyu kore, ɗaya an rubuta Ajiya, ɗaya Kwafi, kuma muddin suna kore sai in ce komai daidai.

Ba wanda ya rubuta cewa ƙasa ta Iliya ce, sama tawa. Ba a bukatar rubutawa. A ƙasarmu ba a leƙa rumbun wani. Uwarku ta yi shekara arba'in a ɗakina, ba ta taɓa sa kai cikin rumbuna ba, sai dai ta jira abin da na fitar mata da safe, domin leƙawa na nufin kana shakkar mai shi ya iya ciyar da gidansa. Haka na ɗauki hawa biyun nan na ƙasa. Iliya ma ya ba ni kalmar sirrin shiga, cikin ambulan a manne, ya ce in ajiye ko da ta Allah za ta kasance. Na sa ta a ƙasan akwatin tufafina, na ɗauke ta kamar likkafani, abin da ba a taɓawa sai an yi mutuwa.

A shekarar da nake ba ku labari, na shawo kan kakarku, Inna Dije, ta yarda a naɗe ta. Ta daɗe tana ƙi.

"Auta, murya iska ta," in ji ta. "Ƙaƙa za ka ɗaure iska cikin gwangwani?"

Abin da ya sa ta yarda, ji ta yi an naɗi wata tsararta a Tibiri wadda a ganinta ba ta san komai ba sai ƙarya. Safiya uku muka yi ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida. Ta faɗi rijiyoyin Dumega inda aka haife ta da waɗanda suka gina su, ta jero iyayenta mata har bakwai, ta ba da labarin shekarar yunwa da suka ci ganye, ta faɗi doguwar da kakarta ke yi wa hidima da irin zanen da take so. Sani, a nan ka shigo daga kasuwa da ɗan gajeren wandonka, ka ɗaure fuska.

"Inna, wannan zancen iskokin shirka na hwa. Baba, kada ka naɗe shi."

"Kai tahi can," ta ce maka. "Sa'ad da ka yi ƙyanda kana ɗan tsumma, wa ya goye ka kwana tara? Ni ko littahinka? Ba bauta nike ba, labari nike ba ɗana."

Ka yi dariya ba ka so ba, ka zauna, kuma kai ne ka roƙe ta ta yi waƙar niƙa a safiya ta uku. Da muka gama na kai ɗan katin na'urar naɗi biro, wato ofishinmu, na juye a Ajiya, na ga ya shiga Kwafi, sannan na goge katin, don shi kaɗai gare mu kuma washegari za mu Sukukutane. Iliya ne ke tace sauti, yana cire kukan zakara da ƙarar turmi. Ya yi makonni da muryar Inna a kunnensa, idonsa a rufe, wani lokaci in ga leɓensa na motsi.

Ana nan sai ɗakin Kwafi ya cika. Na gaya wa Iliya, ya ce in dawo bayan azahar. Da na dawo na tarar da fili fetal, na yi godiya na ci gaba da aikina. Ban tambaye shi daga ina ya samo ba, wanda aka ba hatsi ba ya tambayar daga wane rumbu aka ɗebo. Abin da ban sani ba, diski na ukun ya yi ƙanƙanta kuma ya fara ƙara, shi ne Iliya ya kwashe ɗakin Kwafi ya mayar da shi kan tagwayen, da niyyar na ɗan lokaci ne kafin sabo ya iso daga Yamai. Sabon bai iso ba. Daga sama babu abin da ya canza, suna biyu, layi biyu kore, alhali kuwa Ajiya da Kwafi sun koma kwana a gado ɗaya.

Wannan ban sani ba, kuma Allah ba zai tambaye ni shi ba. Ga wanda na sani. Na san idon Iliya na tafiya. Na ga yana kai takarda har bakin hanci, na ga yana gane mutane da murya kafin fuska, kuma mantuwar tabarau ta yi masa yawa, kullum sai ya ce in karanta masa kaza don ya baro su gida, ga su kuwa a aljihun rigarsa ina gani. Ban ce komai ba, don namiji ba ya gaya wa wansa ya tsufa. Sannan a farkon damina, wata safiya na shigo biro, na ga ɗaya daga cikin ƙananan fitilu uku da ke gaban akwatin na'urar ta koma ja. Iliya kullum yana riga ni zuwa, yana zaune ya ba akwatin baya, fuskarsa ga taga inda haske yake. Na tsaya na dubi fitilar. Na gaishe shi, sannan na ce:

"Yaya, ƙaƙa na'ura? Lahiya dai?"

"Lahiya lau," ya ce.

Na karɓa na wuce teburina. Ku 'ya'yan Hausa ne, kun san lafiya lau ta farko ba amsa ba ce. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka ce ina gajiya, ya ce babu gajiya. Wanda ke son gaskiya zama yake yi, ya cire takalmi, ya bari gaisuwa ta lafa, sannan ya sake tambaya da ƙaramar murya. Na san wannan tun ina yaro. Ban zauna ba, ban sake tambaya ba. Na buɗe allona na ga layi biyu kore, na ce wa zuciyata ai ya gani, rumbunsa ne, wata ƙila jar fitila ba ta nufin komai. Haka na yi ta yi kowace safiya fiye da wata biyu: in shigo, in tsaya gaban akwatin, in dubi jar fitila, in yi sallama. Sau ɗaya na ambata wa uwarku tana tankaɗe.

"Mushe," ta ce, da sunan da ake kiran malamin lakwal, "in ka ga hayaƙi ga rumbun maƙwabci, kunya za ka ji?"

"Ba hayaƙi ba na, Hawwa. 'Yar hitila ta."

"To mi ya hana ka barci da rana, in 'yar hitila ta?"

Na ɗauki buta na fita.

Inna ta rasu gero na fitar da kai, bayan zazzaɓin kwana huɗu. A zaman makoki, Balki, kin zo daga Yamai da cikinki na fari, kika ce in sa miki muryarta a salula ki tafi da ita. Na ce ki bari a yi sadakar arba'in, a tara dangi a saurara tare, tana nan ajiye wuri biyu, ba inda za ta. Na faɗi wannan da bakina, jar fitila na cikin kaina. Saura kwana tara arba'in, aka yi hadari da hantsi, wuta ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Da muka tayar da na'urar, ɗan tagwayen da ya rage bai tashi ba, ashe jar fitilar nan mutuwar ɗan'uwansa take faɗi. Na buɗe allona, babu Ajiya.

"Buɗe Kwahi," in ji Iliya.

"Yaya, shi ma babu shi."

Ya taso yana lalube, ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin kamar mai duba zafin jikin yaro. Sannan ya ce, ba da ni yake ba:

"Kwahin na bisa tagwaye. Ni na maishe shi."

An kai faya-fayan Yamai wurin masu gyara, suka dawo da su yadda aka kai. Abin da muka juyo daga tsofaffin kaset ya samu, don kaset ɗin na nan. Amma duk abin da muka naɗa kai tsaye a shekarar ya tafi: dattawan Dumega, na Tibiri, na Sukukutane, waɗanda da yawansu ba su ga damina ta gaba ba, da safiya ukun Inna. Ranar arba'in dangi suka taru, wasu daga nesa, ba abin da na sa musu. Ban yi kukan mutuwarta kamar yadda na yi na wannan ranar ba, don a ganina ranar ce ta mutu gaba ɗaya.

Bayan nan ne na ciro ambulan daga ƙasan akwati na yage. Da na shiga, na tarar da komai a rubuce, ba a ɓoye ko harafi ba. Diskin farko ya yi ta faɗin yana mutuwa tun kafin ya mutu. Hawan tagwaye ya yi ta aika saƙo kowace safiya cewa da ƙafa ɗaya yake tafiya. Hawan tsakiya yana da jerin da ke nuna ƙarara cewa Ajiya da Kwafi wuri guda suke. Hawa na sama ya ce akwai fili, kuma akwai filin. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa ya faɗi gaskiyarsa a ɗakinsa, ba dai wanda ya tara su ya ji gaba ɗaya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne manhajar ba ta da kwaɗo, masu ita sun bar ƙofa a buɗe don kowa ya leƙa, ni ne na kawo kwaɗon daga gida na sa.

Na yi ranin nan kaf ina koyon hawa biyun da na ƙi leƙawa. Na yi ta tambayar mutanen da ban sani ba a zaurukan intanet na masu wannan manhaja, da Faransancina na tsohon malami, suna amsa mini da haƙuri, wani ma ya gyara mini rubutuna ya maido ba tare da ya san ko ni wane ne ba. A ƙarshe na haɗa shafi guda da ke nuna komai daga sama har ƙasa, yadda ake jero asalin mutum: wannan murya tana wannan ɗaki, ɗakin yana kan waɗannan tagwaye, tagwayen su ne wannan diski da wancan, ga lafiyar kowannensu. In asali da kwafi suka haɗu a diski ɗaya, shafin duka ya yi ja. In wani hawa ya yi kuka, saƙo ya tafi salular mutum uku, da Hausa, ba mutum ɗaya ba. Na yi haruffan manya-manya, kuma Allah ya sani da Iliya a raina na yi su. Har yau da shi ake aiki. Ba alfahari nake ba, gini ne da na yi bayan ruwa ya ci gida.

Ranar da na nuna wa ƙungiya shafin, an haska shi a bango, dattawa na zaune, Iliya na gefe kusa da ƙofa, kai ma Sani kana nan don kai ka kawo mu da mota. Shugabanmu ya tambaya tun yaushe diskin farko ya mutu. Na nuna masa jerin saƙonnin, safiya bayan safiya, da sunan Iliya a kan kowanne, da manyan haruffan da na yi don in taimake shi. Sai shugaba ya ce:

"To, Nomau, ba wanda ka iya ganin abin ga in ba shi ba?"

"Saƙon wurinshi kaɗai yaka zuwa," na ce.

Gaskiya ce, kuma ita ce ƙarya mafi girma da na yi a rayuwata. Ba saƙo ya tambaye ni ba. Iliya ya miƙe, ya laluba aljihu, ya ajiye makullan biro a kan tebur.

"Laihina na," ya ce. "Ku yi haƙuri, ku gaya ma masu iyaye su yi haƙuri."

Ya fita yana shafa bango da hannu, a gaban kowa, abin da ya yi shekara biyu yana ɓoyewa. Sani, ka kawo labarin gida yadda ka ji shi, ba ka ƙara ba. Daga shekarar aka daina kai naman layya gidansu. Da Kirsimeti ta zo, Mama Rifkatu matarsa ta aiko da shinkafa kamar kullum, ke Rabi kika ce wa 'yar aiken an gode, mun ƙoshi. Ina ɗaki ina ji. Uwarku ta leƙo ta dube ni, ta ce, "Kai da Allah, Mushe," ta saki labule. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, na yi shekara shida ina bin ta ɗaya hanyar zuwa masallaci.

Bara, bayan an yi shuka, Mama Rifkatu ta tare ni a bakin ƙofa ta ce jikin ya yi nauyi. Na shiga da hantsi. Yana kwance a tabarma a inuwar zaure, ya rame, idon ya rufe ɗungum. Kafin in yi sallama ya ce, "Nomau." Na ce ina jiki, ya ce da sauƙi. Na cire takalmi na zauna, na bari shiru ya yi, sannan na sake tambaya. Ya yi murmushi.

"Yau ka tambaya sau biyu," ya ce. "Jiki ba shi da daɗi, ƙanena. Tahiya ta."

Na ce masa akwai abin da na zo faɗi. Na ce na ga fitilar, tun safiyar farko na gan ta.

"Na sani."

"Ƙaƙa ka sani, Yaya?"

"Takunka. Shekara da shekaru kana shigowa kai tsaye har tebur. Rannan sai na ji ka tsaya gaban akwati. Gobe ka tsaya, jibi ka tsaya. Na san akwai abin da kake gani, ni ko ba ni ganin komi, ko allon ba ni iya karantawa. In na tambaye ka, na hwaɗi da bakina na makance, a karɓe min aikin, shi kaɗai ya rage min. Sai ni ka jiran ka hwaɗi, kai kana jiran in hwaɗi."

Na tambaye shi me ya sa bai tona ni ba ranar taro, tunda ya sani. Ya ce uwata ce ta ɓace, ya ga kayan sun ishe ni, kuma ɗana na zaune a wurin. Na kifa kai a gwiwa na yi kuka kamar ba dattijo ba, shi ke ba ni haƙuri. Da na natsu ya ce ko salulata na naɗar murya. Ya ce ya yi makonni da Inna a kunne, yawanci ya zube, amma jerin iyayenta bakwai na nan, da rijiyoyi huɗu, da waƙar niƙa. Na kunna. Ya jero su a hankali, yana tsayawa ya huta, sannan ya rera da muryarsa ta majami'a da ta dushe:

"Niƙa nike, dutsi ya san hannuna,
Dumega na nesa, wa za ya gaya ma inna?"

Ya rasu ana yankan gero. Na je majami'a na zauna a bencin baya, ku ba wanda ya zo, kuma ban ga laifinku ba, abin da na ba ku kuka riƙe.

In kun je biro, ku ce a buɗe muku shafin, ku nemi sunan Dije ta Dumega. Za ku ga abu ɗaya tak a ƙarƙashinsa, ajiye a diski uku da ba su haɗa gado ba, na duba da idona har ƙasa. Minti goma sha ɗaya ne. Shi ne duk abin da ya rage na kakarku a duniya, kuma da muryar mutumin da kuka daina gaisarwa yake. Mama Rifkatu na nan bayan katanga, ita kaɗai. Ku je da ƙafarku. Za ta ce muku lafiya lau. Ku cire takalmi ku zauna.